Wa Ya Yanke Wayar Hambirki?

Motar Auta ta gangaro ne babu kowa a cikinta, jim kaɗan bayan azahar, lokacin da kowa a layin ya shige inuwa. Layin nan kuwa gangare ne tun daga ƙofar gidansu Auta har ƙasa, inda Tela ya kafa rumfarsa yana ɗinki, bayansa a titi. Bai ji zuwanta ba, tunda inji a kashe yake. Ta haɗa shi da keken ɗinkin ta matse da bango, kuma ƙafar dama ta samu, wadda yake taka keken da ita.

Kafin a ce me, layi ya cika. Aka ja motar baya da ƙarfin tsiya, aka zaro Tela, aka yi asibiti da shi matarsa na bin su ba ko takalmi. Auta ya iso a guje da filaya a hannu, ya ce zai ɓanɓaro ƙafar keken da ta maƙale a ƙarƙashi. Ya shige, ya ɗan jima, sai ga shi ya fito yana ihu.

“An yanke! Wallahi an yanke mini wayar hambirki! Ku leƙa ku gani!”

Aka leƙa, aka ga wayar birkin hannu na reto, bakinta fes kamar an sa almakashi. Babu wanda ya tsaya tambayar wa ya yi, domin kowa yana da amsa a aljihu. Bakanike ne, wanda ya taɓa cewa a gaban jama'a wata rana motar nan sai ta kashe mutum. Ba don Saja ba, tsohon sojan da layin ke jin maganarsa, da sun yi masa dukan kawo wuƙa. Saja ya tura shi ɗakin ajiyarsa ya datse da kwaɗo, ya ce daga nan zuwa magariba in ba a samu wani ba, shi da kansa zai miƙa shi ga 'yan sanda. Sannan ya aika a kira Mai Sawu.

* * *

Mai Sawu yayan Auta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, gida ɗaya. Sana'arsa bin sawun dabbar da aka sace, kuma a kan haka ya yi furfura. Mota ba fanninsa ba ce, bai san sifana daga cokali ba, amma ƙasa ba ta yi masa gardama.

Yana sa takalmi Inna, mahaifiyarsu, ta tare shi a tsakar gida.

“Ka dai san abin da ke ciki,” ta ce. “In ba a samu wanda ya yanke ba, a wuyan ɗan'uwanka ƙafar bawan Allahn nan za ta rataya. Kai ka goye shi da ubanku ya rasu. Ka je ka fitar da shi.”

“Zan fitar da shi, Inna.”

Kuma har cikin ransa ya faɗa. Haushi ne fal a cikinsa, yana jin in ya kama wanda ya yi wa Auta wannan mugunta, Saja ma ba zai iya raba su ba.

Daga sama ya fara, inda motar ta tsaya kafin ta gangara. Allah ya taimake shi an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, duk abin da ya taka ta ya bar shaida. Ga tayoyi huɗu inda suka zauna. Ga sawun Auta daga ƙofar direba zuwa gida, dunduniyar hagu tana ɗan jan ƙasa kamar yadda take tun yana yaro. Ga kaji. Ga kuma wani takalmi mai ƙaton gindi, irin na masu aikin gareji, ya zo daf da tayar baya ya tsaya, ya tsaya sosai har ya nutse, sannan ya wuce.

Mai Sawu ya yi ƙwafa. Wannan kam na Bakanike ne, ko makaho ya shafa ya sani.

Sai dai wani abu ya tsaya masa. Tsakanin tayoyin nan huɗu ƙasa a shafe take, lumui. Babu gwiwa, babu gwiwar hannu, babu bayan mutum. Ya tsuguna ya sake dubawa, ya ce a ransa wataƙila mai dogon hannu ne, ya tashi. Mutum in yana son ya yarda da abu, ba ya rasa hanya.

* * *

Gwaggo, maƙwabciyarsu da ta daɗe tana mitar motar na tare mata ƙofa, ita ce ta biyu a bakin mutane. An ce an ga dutsen da Auta ke tokare taya da shi a cikin gidanta. Ya same ta tana tankaɗe, ga dutsen nan kuwa ya tokare ƙyauren kicin.

“Gwaggo, dutsen nan fa?”

“Au, yanzu ni ce ɓarauniyar dutse? Sannu da aiki!” Ta ajiye rariya. “Yashe shi na gani a bakin kwata, ya kwana biyu ba mai kula shi. Na tambayi ƙanen naka, ya ce in ɗauka, shi ya gama da zamanin dutse, an gyara masa hambirki a wani babban gareji a cikin gari. Har da ɗaga mini kafaɗa.”

Mai Sawu ya kawar da dutsen. Ƙasan wurin a bushe yake, har tururuwa sun yi gida. Ba yau aka ajiye shi ba.

“Wane gareji ya ce?”

“Ni ina na sani? Kai da kuke kwana gida ɗaya.”

Gaskiyarta. Suna kwana gida ɗaya, amma bai taɓa jin sunan garejin ba.

* * *

Saja ya buɗe masa ɗakin ajiya. Bakanike na zaune a kan buhun siminti, leɓensa a fashe, rigarsa a yage. Baƙo ne a layin, ba shi da kowa sai akwatin kayan aikinsa.

“Ka ce motar nan za ta kashe mutum?”

“Na ce, Baba. Ko yanzu ka tambaye ni zan sake faɗa. Mota a kan gangare, waya ta tsinke, mutum na yawo da dutse a but ɗin motarsa kamar mai gini. Na ce ya kawo in sa masa sabuwa, na haɗa da wasa, na ce kai direba ne ko ɗan dako? Mutane suka yi dariya. Shi ke nan ya rantse hannuna ba zai ƙara taɓa motarsa ba.”

“Me ya kai ka gindin tayarsa yau?”

Bakanike ya sunkuyar da kai.

“Wucewa nake, na ga babu dutse. Na tsaya ina kallo. Raina ya ce in ƙwanƙwasa in gaya masa, ko a giya ya bar ta. Sai na tuna zagin da ya yi mini, na ce ruwansa, na yi gaba.” Muryarsa ta karye. “Wannan shi ne laifina, kuma ya ishe ni. Amma ban yanke ba. Baba, ka ga bakin wayar?”

“Na gani. Fes yake.”

“To wayar da aka ja hambirki tana ɗaure tamau. In ka sa mata ƙarfe a haka, kafin ka gama ta fizge, bakin ya tarwatse kamar tsohuwar tsintsiya. Wadda ka ga bakinta fes, a sake take aka yanke ta. Ban san me hakan ke nufi ba, amma haka yake.”

Ƙarya yake, ya san abin da hakan ke nufi. Tsoron faɗa wa yayan Auta yake ji. Mai Sawu ya fita.

* * *

A ƙasa, wurin rumfar Tela, jama'a sun tattake ko'ina, sawu a kan sawu. Amma dunduniyar da ke jan ƙasa ba ta ɓuya ga mutumin da ya koya mata tafiya. Ya same ta inda ta fito daga ƙarƙashin mota, ta yi ta zagaye cikin taro. Daga can sai ta zame ita kaɗai, ta bi lungun bayan rumfa, ta tsaya a bakin kwata, ta juyo.

Me mutum zai je yi bakin kwata ana tsakiyar wannan tashin hankali?

Mai Sawu ya naɗe hannun riga ya zura cikin ƙazantar. Ya lalubo gwangwani, ya lalubo tsumma, sai yatsunsa suka ji ƙarfe. Guntun waya ne, bai fi kamu ɗaya ba, bakinsa guda a yanke fes. Ya ɗauraye shi a ruwan da ya kwanta, ya ɗaga.

Wayar ƙarfe ba ta manta inda aka lanƙwasa ta. Wannan ta lanƙwashe zagaye biyu, sannan jelar ta koma ta ƙarƙashi ta fito ta gefe. Ƙulli ne da ya warware ya bar siffarsa. Kuma ba ƙullin kowa ba ne. Shi ne wanda ubansu, mai kiwo, yake ɗaure dabba da shi a turke, irin wanda in dabba ta ja sai ya ƙara cizawa. Uban ya koya wa Mai Sawu, shi kuma ya kama hannun Auta ya koya masa a kan igiyar guga.

Ya zauna a bakin kwatar nan da hannu duk ƙazanta. Da a ce wani ya zo ya fizge wayar ya gudu da ita, da ya gode masa.

* * *

A ɗaki ya sami Auta, ya tura ƙofa ya ajiye guntun wayar a kan katifa. Auta ya dube ta, ya dubi yayansa, bai ko yi yunƙurin musu ba.

“Babu wani gareji ko?”

“Babu, Yaya.” Ya share fuska da tafin hannu. “Ni na sa da kaina. Na gaji da dariyar da ake mini. Na je wurin masu tsofaffin motoci na samo waya, na kai motar bayan tasha inda ba mai ganina. Na ɗaga ta da jak, na cire tayoyin baya, na kwance tsohuwar, na zura sabuwar ta duk inda waccan ta bi. Komai ya zauna. Sai da na zo wurin noti na ga ta fi tsayi, ashe ta wata mota ce. Na ɗaure notin har ƙarshe, tana nan lako-lako. In mayar? In je in ce wa wancan mutumin ya taimake ni? Sai na naɗe rarar na ƙulle.”

“Ƙarfe ka ƙulle, Auta. Ƙarfe! An ce maka akuya ce?”

“Ta riƙe, Yaya! Na ja, ta ciza. Kwana da kwanaki tana riƙewa. Ina zan san a hankali take zamewa?”

“Wannan kuskure ne, ana yi. Da ka fito daga ƙarƙashin motar ka ce jama'a ga abin da na yi, da ni zan tsaya a gabanka a fara dukana. Amma ka ga ƙullin ya warware, ka sa filaya ka datse shi, ka fito kana ihu. Kana kallo aka fasa wa mutum baki.”

Auta ya zube ya kama ƙafarsa.

“Tsoro na ji. Yaya, ka rufa mini asiri. Shi fa ba shi da kowa a nan, ba mata ba 'ya'ya. Za su riƙe shi su sake shi, ya koma inda ya fito. Ni in suka tafi da ni, yarana fa? Inna fa? Ka mayar da ita kwata kawai. Ka ce ƙasa ba ta nuna maka komai ba. Wa zai ƙaryata ka?”

Babu wanda zai ƙaryata shi, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

“Saja zai tara mutane kafin magariba,” ya ce. “Ka faɗa da bakinka. Zai fi maka sauƙi, ni ma zai fi mini.”

Ya ɗauki wayar ya sa a aljihu. Da ya buɗe ƙofa sai ya ga Inna tsaye a jikin bango.

* * *

A ƙofar gidan Saja aka taru. An fito da Bakanike an zaunar da shi a ƙasa. Gwaggo na gefe tana hura hanci. Matar Tela ta dawo daga asibiti idanunta jawur, ta ce likita ya ce ƙafar ba za ta gyaru ba, sai an cire. Taron ya yi wani irin gurnani, wasu har sun fara matsowa kusa da Bakanike.

“Mai Sawu, muna jin ka,” in ji Saja.

Mai Sawu ya miƙe. Ya fara da Gwaggo, ya ce dutsen ya daɗe a gidanta, kuma ba ta aka yi.

“Ai da na faɗa,” ta ce. “Allah ya isa tsakanina da masu baki.”

Mai Sawu ya ci gaba, ya ce lalle Bakanike ya je gindin motar, ya tsaya a kan ƙafafunsa, ya wuce a kan ƙafafunsa. Babu wanda ya kwanta a ƙarƙashin motar a can sama, kuma ba a yanke wayar nan a tsaye. Mutane suka fara kallon juna.

Nan ya yi shiru, ya juya ya dubi ƙanensa. Ya jira. Ya jira har shirun ya yi yawa, yana roƙon Allah a ransa ya buɗe bakin yaron nan. Auta ya ɗago kai, ya dubi jama'a, ya ce:

“Yaya ya tsufa, idonsa ba kamar da ba. Kowa a nan ya ji abin da mutumin nan ya faɗa a kan motata.”

Mai Sawu ya daina jira. Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun wayar ya ajiye a kan benci. Ya ce a ba shi igiya. Aka kwance ta wani buhu aka miƙa masa. Ya naɗa ta sau biyu a ƙafar bencin, ya mayar da jelar ta ƙarƙashi, ya fito da ita ta gefe, sannan ya sassauta ya ajiye ta kusa da wayar. Lanƙwasa ɗaya, siffa ɗaya.

“Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu ya ga wannan ƙulli a igiyar shanya,” ya ce. “Mu biyu muka iya shi a layin nan. Ni kuwa ban taɓa shiga ƙarƙashin mota ba. An yanke waya, gaskiya ne, amma a nan ƙasa aka yanke ta, bayan ta riga ta yi ɓarna. Mutum ɗaya kuka ga ya shiga da filaya.”

Matar Tela ce ta fara motsi. Ta tako har gaban Auta, ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga hannu ba.

“Kayan makarantar yaranka suna kan keken nan,” ta ce. “Su yake ɗinkawa.”

Auta bai dube ta ba, yayansa yake kallo.

“Kai ka koya mini shi,” ya ce a hankali. “Da hannunka.”

“Ni na koya maka,” in ji Mai Sawu.

Saja ya kama hannun Auta suka nufi ofishin 'yan sanda. Taron ya watse sumui-sumui. Waɗanda suka fasa wa Bakanike baki suka bi ta gabansa suna duban sama, ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Shi ma bai jira ba. Washegari da safe aka ga garejinsa a buɗe, akwatin kayan aikinsa babu.

* * *

An saki Auta kafin shari'a, ya dawo gida ya rame, bai ƙara haɗa ido da yayansa ba. A layi kuwa, mutanen da suka so a daki marar laifi su ne suka koma cewa kai, Mai Sawu ba shi da imani, ɗan'uwansa guda. Haka mutane suke.

Wata safiya ya dawo daga neman wata saniya ya tarar da magini a tsakar gidansu, an ja igiya daga zaure har bayan gida, an fara jera bulo. Auta ya fasa wa kansa ƙofa ta lungu. Ɗakin Inna a ɓangaren Mai Sawu ya faɗo, wannan kaɗai ya ɗan sanyaya masa rai.

Sai ya gan ta a bakin ƙofa, ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure kayanta a zani.

“Inna, ina za ki?”

“Can.”

“Inna, ƙarya na yi masa?”

“Ban ce ka yi ƙarya ba,” ta ce. “Gaskiya ka faɗa, Allah ma ya sani. Kai ka iya tsayuwa da gaskiyarka, ba ka bukatar kowa. Shi kuwa ba shi da komai yanzu sai ni.” Ta gwada ɗaga ƙullin kayan, ya fi ƙarfinta. “Zo ka miƙa mini wannan, kafin ginin ya yi tsawo.”

Ya ɗauka. Ya riƙe hannunta ta tsallaka bulon, ya miƙa mata kayan ta sama. Magini ya jira suka gama, sannan ya ɗebo siminti ya ci gaba da aikinsa.